Matuƙan jiragen yaƙi da suka rasu a bakin aiki: me ya dace mu kafa masu a Katsina?

Ɗan Ƙofar Durɓi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma ina roƙon manyanmu su sa baki.

A tsakiyar Landan akwai lambun shaƙatawa da ake kira Green Park, kusa da fadar Buckingham. A bakinsa an gina wata rumfa ta farin dutse, a cikinta mutum-mutumin tagulla na mutum 7, kowane ya ɗara mutum tsawo sosai, sanye da kayan tashi sama. Ma'aikatan jirgi ɗaya ne da suka dawo daga kai hari, duk sun gaji, wasunsu na duban sama ko sauran jiragen za su dawo. Philip Jackson ne ya ƙera su, Sarauniya Elizabeth ta buɗe wurin ran 28 ga Yuni 2012. An yi shi ne don mutum 55,573 na rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Ingila da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin kimanin 125,000 da suka yi aikin. Kusan rabi ke nan, kuma yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. A rufin har an sa ƙarfen wani jirginsu da aka harbo a Beljiyam a 1944, wanda ya kwashe fiye da shekara 50 a cikin fadama kafin a tono shi.

To mu nan, jiragen yaƙi na ratsa samaniyarmu su nufi dajin Rugu, muna jin ƙararsu muna cewa Allah ya ba su sa'a. Wane ne a zauren nan zai iya kawo sunan matuƙi ɗaya da ya rasu a wannan aiki? Me zai hana a samu wuri a cikin gari, inda iyali ke fita shan iska, a kafa masu abin tunawa?

Malam na Rafindadi: Wa alaikumus salam. Ɗana, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma bari in cire mutum-mutumin daga lissafi tun yanzu, kada a yi nisa. Siffar mai rai wadda aka sassaƙa cikakkiya, mai inuwa, malamanmu na Malikiyya ba su yi saɓani a kan haramcinta ba. A Sahihu Muslim, Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da abin da Manzon Allah (SAW) ya aike shi da shi: kada ya bar wata siffa sai ya shafe ta, kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Ka kuma duba Suratu Nuh, aya ta 23, inda aka ambaci Wadd da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. Ibn Abbas ya bayyana cewa mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa masu alamu a majalisunsu don tunawa, ba a bauta masu ba sai da waɗanda suka san asalin abin suka shuɗe. Wato da irin wannan kyakkyawar niyyar taka aka faro.

Ɗan Ƙofar Durɓi: Allah gafarta Malam, na karɓa. Ni ma ban ce lallai sai siffar mutum ba. Amma akwai abin da ke damuna. Duk sa'ad da aka ɗauko irin wannan magana a garin nan, da zarar an ce haramun ne sai kowa ya yi shiru ya kama gabansa, a ƙarshe ba mutum-mutumi, ba suna, ba komai. In wannan ƙofa a rufe take, wace ce a buɗe?

Malam na Rafindadi: Ƙofofi da yawa. Shi Ibn Abbas ɗin, da mai zane ya zo masa yana cewa sana'arsa ke nan, ce masa ya yi in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Jirgi ba shi da rai. Bango ba shi da rai. Sunaye kuwa, mu ne ma'abota kiyaye su: yau fiye da shekara 1,400 ana karanta sunayen Ahlu Badar ɗaya bayan ɗaya.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mani wannan magana, ta ce Baba ga zancenku. Ni ban tuƙa jirgi ba, makanikin jirgi ne ni, a ƙarƙashin fiffike na yi aikina har na aje. Yaro ya nemi suna, bari in ba shi.

Kanar Shittu Alao, shi ne shugaban sojan sama lokacin yaƙin basasa, da kanshi yake tuƙi, jirgi ya faɗi da shi a 1969. Rundunar tana da shekara 5 kacal a lokacin, don a 1964 aka kafa ta. Ran 26 ga Satumba 1992 jirgin C-130 ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan da tashi daga Legas, mutum sama da 150 suka tafi, yawancinsu hafsoshi masu tasowa da ke kwas a Jaji. Wanda bai ga barikoki a makon nan ba bai san abin da ake kira makoki ba. Ran 21 ga Fabrairu 2021 mutum 7 suka rasu a Abuja, jirginsu na hanyar Minna don neman 'yan makarantar Kagara da aka sace. Wata uku bayan nan, 21 ga Mayu, Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10 suka rasu a Kaduna. Kowa ya riƙe sunan Janar. Matuƙan da ke gaba fa, da ma'aikatan jirgin, wa ya riƙe nasu?

Abin da mutane ba su sani ba, kafin jirgi ya tashi sai makaniki ya sa hannu a takarda cewa lafiyarshi lau. Matuƙi ya duba, shi ma ya sa hannu, ya ɗaga maka yatsa. Daga nan kai ba ka da sukuni sai ka ji ƙararshi ya dawo. In lokacin da man shi zai ƙare ya wuce bai sauka ba, ba mai ce ma wani komai, kowa ya san lissafin. Shi ya sa da yaron nan ya ce waɗancan na tagulla suna duban sama, na gane abin da mai ƙirar ke nufi, ko da yake ina tare da Malam a kan hukunci.

Maman Khalifa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Ni tambayata ɗaya ce. Mijin ƙanwata soja ne, ya rasu a bakin aiki ya bar ta da yara ƙanana. Abin da ke hana ta barci kuɗin makaranta ne da na haya. In an tara miliyoyi an zuba a dutse, ita me ta samu? Mamaci addu'a yake buƙata, marayu kuma abinci da karatu. Ku yi mani uzuri, amma ni ban ga abin da bango zai tsinana masu ba.

Malama daga Daura: Hajiya, maganarki gaskiya ce, ba mai musunta. Sai dai ina so ki duba wani abu. Wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, marayunsa ma mantawa ake yi da su. Wa zai nemo su ya biya masu kuɗin makaranta in ba a san su waye ba?

Ni tarihi nake koyarwa, kuma abin da ya fi ci mani rai shi ne wannan yaƙin na Hitila da ɗan'uwa ya kawo, ɗalibaina ɗauka suke na Turawa ne kawai, alhali ta kan ƙasarmu ya bi. Daga 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, a tuƙo su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Njamena wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, a ratsa Darfur zuwa Hartum, sannan Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Ita Kano ma tun 1925 jiragen sojan saman Ingila guda 3 suka fara sauka a cikinta. Su wa suka share filayen, suka ɗauki duwatsu a ka, suka gangaro da durom-durom na mai? Kakanninmu ne. An kuma tara kuɗi a lardunan ƙasar nan don sayen jirage, har runduna ta 91 ta sojan saman Ingila aka laƙaba wa sunan Nijeriya.

Sai 'yan Boma, wato sojojinmu da aka kai ƙasar Boma yaƙi da Japanawa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa ce harshen bariki a wajen sojojin Nijeriya da ke cikinsu. A kwarin Kaladan, can a Boma, babu hanyar mota, abincinsu da harsashinsu daga sama ake jefo masu da laima. A 1944 an ɗauki bataliyoyin Nijeriya a jirgi an sauke su a bayan sahun Japanawa. Kusan kowane tsohon gari a ƙasar Katsina da Daura yana da gidan da ake cewa na ɗan Boma ne. Yanzu 'yan mazan jiyan nan sun ƙare, ko saura ƙalilan, kuma ba mu rubuta ba.

Mu a Daura har gobe yaro zai lissafo maki sarauniyoyin da suka yi mulki har zuwa Daurama, ba tare da an sassaƙa ko ɗaya ba. An riƙe su ne saboda akwai masu maimaitawa, akwai kuma wuri kamar Kusugu da za a kai yaro a ce masa ga inda abin ya faru. Suna da wuri, su biyun nan nake so a samar wa waɗannan mutane.

Abba Ƙerau: Malama, ashe Kano ta riga Legas ganin jirgi? Wallahi yau na fara ji. A ina ya sauka, filin jirgin yanzu?

Malama daga Daura: A filin sukuwa suka sauka, Abba. Filin jirgin daga baya aka yi shi.

Na Batsari: Ina gaida iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma abin ga ya taɓa mu kai tsaye. Mu da ke bakin daji mun san amfanin jirgi fiye da duk wanda ke cikin birni. Akwai daren da ƙarar jirgi kaɗai ta sa ɓarayi suka juya da baburansu. Ban raina wannan ba, kuma ba zan raina ba.

Amma ku faɗa mani, a wannan bango naku, ina za a sa mutanen Rann? Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin ƙasarmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Kala Balge, mutum sama da 100, har da ma'aikatan agaji. Mutanen da suka gudo daga Boko Haram ne fa. Ina za a sa mutanen Tudun Biri, da ke zaune suna Mauludi ran 3 ga Disamba 2023, aka binne aƙalla 85? Mu in mun ji jirgi, murna da tsoro tare suke zo mamu, don ba mu san ko mai kallon daga sama zai bambance mai noma da mai bindiga ba. In za a kafa abin girmama matuƙa a tsakiyar Katsina a yi shiru a kan waɗannan, ni ba zan kai ɗana wurin ba.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, na ji zafinka. Gyara ɗaya: na Tudun Biri jirgi maras matuƙi ne na sojan ƙasa, shugabansu na lokacin, Janar Lagbaja, ya je garin da kanshi ya ba da haƙuri. Na Rann kuwa namu ne, ba a ɓoye ba, kuma ba zan kare shi ba. Amma ka sani, matuƙi ba shi ke zaɓen inda zai jefa ba. Bayani ake ba shi daga ƙasa, a ce ga wuri ga lokaci, shi yana gudun da cikin ƙiftawar ido ya wuce gari guda. In bayanin ya gurɓace, laifin ya faro tun kafin ya hau jirgi. Ga Filait Laftanar Abayomi Dairo, ɓarayin daji suka harbo jirginshi ran 18 ga Yuli 2021 yana dawowa daga aiki tsakanin Zamfara da Kaduna, ya fice da laima, ya ratsa daji da ƙafa ana farautarshi har Allah ya kuɓutar da shi. Yaron da ya baro garinsu ya zo ya sa ranshi don ƙauyukanmu, kada a ɗora mashi nauyin da ba nashi ba.

Na Batsari: Baba, ban ɗora ma matuƙi ba. Amma wanda aka binne an binne shi, ko daga sama kuskuren ya zo ko daga ƙasa. Uwar da ta rasa 'ya'ya ba ta tambayi launin kakin wanda ya danna ba.

Ɗan Ƙofar Durɓi: Wannan gardamar taku ita ce ta sa na Landan ɗin ya yi shekara 67 bayan yaƙi kafin a gina shi. Su waɗancan samarin, biranen Jamus aka tura su su ƙona. A Dresden kaɗai, cikin Fabrairu 1945, kimanin mutum 25,000 suka mutu, akasarinsu fararen hula. Da yaƙi ya ƙare sai 'yan siyasar da suka ba da umurnin suka ja jiki, aka bar waɗanda suka tsira da kunyar abin da aka sa su. Da aka zo ginawa ma, yawancin kuɗin gudummawar jama'a ne. Kuma a jikin ginin an rubuta cewa ana tunawa har da mutanen kowace ƙasa da suka rasa rayukansu a ruwan bama-baman 1939 zuwa 1945. Layi ɗaya ne, ba sunaye, wasu na ganin ya yi kaɗan. Ni ina ganin mu za mu iya fin haka, tunda namu ba abokan gaba ba ne, 'yan'uwanmu ne, kuma ana iya samun sunayensu a wajen masu unguwanni da dagatai.

Baba Mai Ritaya: A rubuta su, ban ƙi ba. Amma a bango ɗaya da matuƙa? A'a. Ɗiyar matuƙi za ta zo ta ga sunan ubanta, a gefe ga jerin waɗanda bam ya kashe, me kuke so ta ɗauka? Cewa ubanta ne ya kashe su? Alhali wataƙila bai taɓa zuwa inda abin ya faru ba. Ku yi masu nasu wuri daban, da mutunci.

Malama daga Daura: Baba, in aka raba, ni na san yadda za ta kaya. Na sojoji zai samu fenti da furanni duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, manya su zo da jiniya. Na talakawa ciyawa ta cinye shi. Haɗa su a fili ɗaya shi ne zai tilasta wa mai zuwa ajiye fure ya wuce ta gaban sunayen mutanen Rann. A Washinton akwai bangon baƙin dutse na yaƙin Biyetnam da aka buɗe a 1982, sunaye sama da 58,000, an jera su bisa ranar da kowa ya faɗi, ba a sa muƙamin kowa ba. Wannan tsarin ya burge ni: kwanan wata da suna, shi ke nan.

Malam na Rafindadi: Ku bar ni in sa sharuɗɗa, tunda da ni aka fara. Kada a binne kowa a wurin, kada ya zama wajen neman tabarraki, kada a rubuta ayoyi a inda za a jingina ko yara su taka. Kada kuma a yanke wa kowa shahada da alƙalami, wannan na Allah ne, a rubuta suna a roƙa masa rahama. A cikin matuƙan nan akwai Kiristoci da yawa, sunayensu su shiga daidai da na kowa, don alherin da suka yi mana ba a tambayi addininmu ba kafin a yi shi. Sannan maganar Hajiya kada ta faɗi ƙasa. An tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi, a hadisin Sa'ad ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu, ya ce shayar da ruwa. A haƙa rijiyar burtsatse mai sola a wurin, unguwa ta sha.

Maman Khalifa: To in da ruwa, da asusun karatun marayu da aka rubuta a takarda aka san masu riƙe da shi, na sauko. Amma marayun duka ɓangarorin biyu. Kuma don Allah a sa Tolulope Arotile. Ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, ta yi aiki a kan 'yan bindiga, ta rasu a Kaduna a Yulin 2020 tana da shekara 24. Na san mota ce ta buge ta, ba a sama ta rasu ba, amma 'yan matanmu su ga sunanta.

Abba Ƙerau: Ni shawarata a roƙi tsohon jirgi ɗaya da ya daina tashi a ɗora a kan dakali. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai jiragen yaƙin basasa a fili, mutane na zuwa kallo. Yaro ba zai ja uwarsa zuwa kallon bango ba, amma jirgi zai ja ta, in sun zo sai su karanta sunayen. Kada dai a sa shi a shataletale inda ba mai iya tsayawa, kada kuma a kai shi cikin bariki inda sai an tambaye ka katin shaida.

Injiniya Sabuwar Unguwa: Duk na ji, amma wa zai kula da shi bayan an yanke kyalle? Wannan ita ce tambayar da ke kashe ayyuka a wajenmu. Jirgin da aka ajiye a rana da ƙurar hunturu yana son wanki da fenti, famfon sola yana son mai gyara, itatuwa na son ban ruwa shekarun farko. Na Landan ɗin ma asusun jin ƙai na sojan samansu ne ke ɗauke da kulawarsa, kuma an sha watsa masa fenti ana wankewa. Shawarata a fara da kaɗan: fili, bedi masu yawa don inuwa, ruwa, da allunan dutse da za a iya ƙara wa suna. A ware kuɗin mai gadi da mai shara tun kafin a sayi buhun siminti na farko. Jirgi ya biyo baya in an ga an iya riƙe wannan.

Na Batsari: In za a sa na ƙauyuka, ni zan fara bin masu unguwanninmu. Amma sai an nemi yardar iyalai, akwai wanda ba zai so a kafe sunan matarshi a bainar jama'a ba.

Mai Kula da Zaure: Madalla. Ga abin da na tsinta: ba siffar mutum, wannan an gama. Ruwa da asusun marayu, kowa ya yarda. Malama za ta rubuto taƙaitaccen tarihin hanyar Takoradi da 'yan Boma, Baba zai tuntuɓi abokan aikinsa kan sunaye, Injiniya ya ƙiyasta mana kuɗin kulawa na shekara. Sai mun ga waɗannan a hannu za mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, ta gwamnati ko ta masarauta.

Baba Mai Ritaya: Zan nemo sunayen, in sha Allahu, har da na makanikai da suka tafi tare da jiragensu. Amma a rubuta cewa maganar bango ɗaya ban yarda ba tukuna. Fili ɗaya na amince, bango biyu.

Malama daga Daura: An rubuta, Baba. Ni kuma ina nan a kan bango ɗaya. Ranar Asabar zan shigo Katsina, in kana gida zan zo in gaishe ka mu ƙarasa.

Baba Mai Ritaya: Ina gida bayan La'asar. Ki taho da Na Batsari in ya samu mota.